Taku nawa aka yarda da su a ƙwallon kwando?

Yau hirar tamu a kan ƙwallon kwando ce. Duk wanda ya taɓa kallon gasar NBA ta Amurka tare da tsofaffin 'yan wasa ya san abin da ke faruwa: ɗan wasa ya ruga da ƙwallo zuwa kwando, sai ka ji wani ya yi tsalle yana cewa, "Kai! Taku uku ya yi!" Alƙalin wasa kuwa ko kallonsa bai yi ba, balle ya hura usur. To, shin alƙalan ne suka daina gani?

Mu koma baya. A 1891 James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield, ya rubuta dokoki 13. Ta ukun ta hana gudu da ƙwallo: inda ka cafe, nan za ka tsaya ka jefa wa wani. Amma tun a cikin wannan dokar ya bar ƙofa a buɗe, ya ce a yi wa wanda ya cafe yana cikin gudu uzuri idan yana ƙoƙarin tsayawa. Uzuri na taku nawa? Bai faɗa ba. Ya bar wa alƙali ya yi hukunci da idonsa. Buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya ma babu shi a lokacin, 'yan wasa ne suka shigo da shi daga baya aka karɓa.

Shekara da shekaru alƙalan NBA suna barin ɗan wasa ya yi taku biyu bayan ya riƙe ƙwallo, alhali littafin dokar bai fito fili ya ce haka ba. Sai a 2009 hukumar ta rubuta taku biyun ƙarara. Wato abin da ake yi a fili shi aka kwafa aka sa a littafi.

Inda rigimar take shi ne: daga yaushe ake fara ƙirgawa? Ɗan wasa yana gudu yana buga ƙwallo, sai ya tattaro ta hannunsa. Ƙafar da ke ƙasa a daidai wannan lokacin ba a ƙirga ta. Ita ake kira takun sifili. Bayan ita sai ɗaya, sai biyu. Kai mai kallo ka ga uku, alƙali ya ga biyu, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinku. Hukumar FIBA ta duniya ta karɓi wannan a 2017, NBA kuma ta rubuta ma'anar tattarowar a littafinta a 2019. Nan ma dai littafin ne ya biyo baya.

'Yan wasa kuwa, ka san in ka ba mutum rami sai ya haƙa rijiya. Manu Ginobili ɗan Ajantina ya yi suna da takun Turai, taku ɗaya dama, ɗaya hagu, mai tsaro ya bi iska. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da wannan tsawon ƙafar tasa yana iya tattaro ƙwallo tun daga wajen layin maki uku ya isa kwando bai karya doka ba. Shi kuwa James Harden ya wuce gona da iri a Disambar 2018 a wasa da Utah Jazz: ya ja da baya sau biyu a jere kafin ya jefa, ba a hura masa laifin taku ba. Daga baya alƙalan da kansu suka amsa cewa laifi ne.

Ni a ganina, gudun wasan yana da nasa kason, don idon mutum ba kyamara ba ne. Amma kuɗi ma na ciki. Wa zai sayi tikiti don ya je ya saurari usur? Duk da haka sassaucin ba kullum gaba yake yi ba. A farkon kakar 2022 zuwa 2023 NBA ta matsa wa alƙalanta, aka riƙa hura laifin taku fiye da kakar baya, musamman a kan wanda ya ɗaga ƙafar da ya kafa kafin ya saki ƙwallo. Manyan taurari ma ba su tsira ba, suka yi ta ƙorafi. Takun sifili kuwa yana nan a littafi, ba a taɓa shi ba.