Kwabo Ɗaya na Shekara 78

Kafin 1840, a Ingila wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta, kuɗin kuma yana bin nisan tafiya da yawan takardu. Falle ɗaya daga Landan zuwa Edinbara ya haura sule guda. Sai talakawa suka ɓullo da dabara: a kawo wa mutum wasiƙa, ya duba 'yar alamar da ɗan'uwansa ya yi a bayanta, ya mayar ya ce ba ya so. Saƙo ya isa, gidan waya ya tashi a tutar babu.

Wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya yi lissafi a 1837, ya gano cewa ɗaukar wasiƙa tsakanin biranen nan biyu bai kai ko kashi ɗaya cikin talatin na kwabo ba. Ashe ɗawainiyar lissafi da bin gida-gida karɓar kuɗi ce ke cinye kome. Shawararsa ita ce mai aikawa ya biya tun farko, kwabo ɗaya, ko ina za ta a cikin ƙasar. A ranar 6 ga Mayu, 1840 aka fara aiki da baƙar takardar nan mai ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Wasiƙu suka tashi daga miliyan 76 a 1839 zuwa kusan miliyan 169 a shekarar da ta biyo baya. Kan wannan sarauniya ne kuma a jikin na farkon da aka buga wa Arewacin Nijeriya a 1900, sarakuna maza suka biyo bayanta, ga shi har yau “kan sarki” muke cewa.

Abin mamaki, kwabon nan bai motsa ba har shekara 78. Yawan wasiƙu ne ya riƙe shi, domin kowace shekara masu raba nauyin ƙaruwa suke yi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya karya shi a 1918, ya koma kwabo da rabi. Na Biyu ya kai shi kwabo biyu da rabi a 1940. A 1968 aka raba wasiƙu gida biyu, mai sauri da mai jinkiri.

Tun daga kusan 2005, lokacin da Royal Mail ke raba wasiƙu biliyan 20 a shekara, lissafin Hill ya juya baya. Imel da wayar hannu sun kwashe wajen kashi biyu cikin uku, alhali gidajen da dole mai raba wasiƙa ya taka ƙaruwa suke yi. Kan sarki mai sauri ya haura fam ɗaya a 2023, a Afrilun 2025 ya kai fam 1.70, wato kwabo 408 a tsohon kuɗi. Wasu na ɗora laifin a kan hauhawar farashi kawai. A ganina ƙarancin masu aikawa ya fi taka rawa, kuma kowane ƙari sai ya sake korar wasu daga cikin 'yan kaɗan da suka rage.