Makaɗan Birnin Zazzau da Masu Gyaran Tsofaffin Ganguna

A wannan mako za mu leƙa birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ƙofar da mai tahowa daga Tudun Wada yake bi ya shiga cikin ganuwa. A kusa da ita filin idi yake, don haka duk ranar sallah ta nan ayarin Sarkin Zazzau yake wucewa, da dawakai, da 'yan bindiga, da masu kakaki da algaita, da makaɗa. Mukan rubuta labarin sarki da hakimansa, mukan yabi mawaƙi mu haddace waƙarsa, amma mutumin da ya rataya ganga tun yana yaro har furfura ta cim masa, da wanda yake ɗaure gangar in ta fashe, da wuya sunansu ya shiga takardunmu. Su ne abin dubawarmu yau.

Kiɗan sarauta tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wani basarake da ake kira Dagaci ya zo daga Barno da ganguna da kayan busa da tutoci. Littafin ya kuma jingina fara busa kakaki ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A Katsina har yau Gwauron Tambari yana cikin kayan sarauta. Tambari dai ba a kaɗa wa kowa shi sai sarki, kuma akan ji shi ne a lokuta sanannu, kamar ranar naɗi da lokacin sallah.

Da jihadi ya zo a farkon ƙarni na 19, kiɗa ya shiga cikin abubuwan da aka yi wa tankaɗe da rairaya. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki shagalar sarakunan Hausa da kaɗe-kaɗe, ya ware kiɗan da ake yi don wata bukata kamar tara runduna. A Zazzau, Malam Musa ya karɓi birni, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, daga baya ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da muke kira Suleja yanzu. Duk da wannan juyi, makaɗa ba su bar fada ba. Gidajen sarauta huɗu da suka yi ta karɓar mulki a Zariya, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowannensu ya zauna da maroƙa da makaɗansa. Dalilin a fili yake: kafin rediyo da jarida, ganga ce take sanar da fitowar sarki, kirari kuma shi yake riƙe sunayen iyaye da kakanni a bakin jama'a.

Ba fada kaɗai ke da kiɗa ba. Kusan kowace sana'a tana da nata. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma da ake kaɗa musu ranar gayya, 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri kowa da takensa. Masu sarauta kuma ana yi musu taushi da kotso da jauje da banga. Wanda ya san gari, daga nesa in ya ji sauti zai gane ko wane ne ake wa kiɗa, ko da bai ji muryar mawaƙi ba. Wannan ya samo asali ne daga yanayin harshenmu. Hausa tana da karin sauti na sama da na ƙasa, ga dogon wasali da gajere. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, ta haka ganga take kwaikwayon magana har mai take ya ji an kira shi ya zabura.

To yaya rayuwar makaɗi take tafiya? Galibi gado ne. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da bin uba ko kawu zuwa gidan biki. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga irin kuntuku, wadda aikinta riƙe kari ɗaya ba canji, ya shekara yana bugawa har hannunsa ya zauna. In ya nuna basira sai a ba shi ɗan karɓi, daga baya ya riƙe babban kalangu, ya san taken kowane gida da kowane mutum a unguwa. Wasu sukan kafa ƙungiyarsu, wasu su ƙare rayuwarsu a bayan wani mawaƙi, ana raba abin da aka samu bisa matsayi. Wanda ya yi sa'a a fada yakan sami sarauta irin Tambura ko Sarkin Makaɗa. Duk da haka al'umma ba ta ɗauke su da daraja ba. Baturen nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna cewa ana lissafa makaɗa da maroƙa a sahun ƙasa na masu sana'a, tare da mahauta. Sarki yana bukatarsu, attajiri yana yi musu kyauta, amma ba kowane gida ne zai ba su aure ba.

Yanzu mu zo ga gyara, wanda shi ne ɓangaren da ya fi ɓoyuwa. Ganga ɗaya hannu da yawa ne ke fitar da ita. Masassaƙi ya fafe ice, mahauci ya kawo fata, makaɗi ko wani gwani a gidansu ya ɗaura. Tambari yana son fatar sa mai kauri, kalangu kuwa fatar akuya marar kauri yake so don ta yi saurin amsawa. Akan jiƙa fata ta yi laushi, a kankare gashi, a shimfiɗa ta a bakin icen, a ɗinke, a ja tsarkiya daidai ta kowane gefe, sannan a bar ta ta bushe a hankali. In an ja wani gefe fiye da wani, sautin zai karkace, kuma kunne ne kaɗai ma'auni. Kotso da taushi akan liƙa musu ɗan danƙo a tsakiyar fata don daidaita murya. Da damina danshi yakan saki fata, sai an gasa ta a rana ko a gefen wuta kafin a fita. Da hunturu kuma ice yakan tsage. Gara da ɓera suna nasu aikin a ɗakin ajiya. Saboda haka fata takan canza sau da yawa, amma icen kirki yakan wuce uba ya kai jika. Mai gyaran tsohuwar ganga yana riƙe da abin da ya fi shi shekaru, kuma shi ya san wane ne ya sassaƙa ta, wane sarki aka yi wa kiɗa da ita.

Ƙarni na 20 ya kawo sababbin sautuka Zariya. Jirgin ƙasa ya ratsa garin a hanyarsa ta zuwa Kano, inda ya isa a 1911, Sabon Gari ya cika da baƙi da irin nasu kaɗe-kaɗen. Barikin horar da sojoji da aka kafa a 1924 ya sa kunnen mutanen gari ya saba da badujala. A shekarun 1950 jam'iyyun NEPU da NPC suka ja makaɗa cikin siyasa. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, da kaset daga baya, suka kai sautin kalangu inda ƙafar makaɗi ba ta taɓa zuwa ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, abin da ya ɗaga darajar sana'ar baki ɗaya. Amma mu tambayi kanmu: mu da muka haddace waƙoƙin Shata da na Narambaɗa da na Ɗanƙwairo, mutum nawa za mu iya ambata daga cikin waɗanda suka riƙe musu kalangu da kotso?

Daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa, kiɗan fiyano ya mamaye situdiyo da gidajen biki. Mutum ɗaya da na'ura yana yin aikin da a da sai an tara mutum biyar ko shida. In kiran biki ya ragu, ɗan makaɗi zai nemi wata sana'a, in kuma babu mai kaɗawa babu mai kawo gyara. Fada tana nan da makaɗanta, ana ganinsu a hawan sallah, sai dai kiɗan sana'o'i da na unguwa shi ne ya fi fuskantar barazana.

Akwai waɗanda suka share mana hanya. Smith ya wallafa maƙala kan roƙo da kirari a 1957. David Ames, wanda ya yi aiki a Zariya, da Anthony King, wanda ya yi a Katsina, sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Waɗannan ayyuka sun ba mu sunayen kayan kiɗa da tarihin manyan mawaƙa. Abin da ya rage mana shi ne rayuwar makaɗin kansa: abin da yake samu a rana, yadda ya yi aure, abin da 'ya'yansa suke ji in an kira su 'ya'yan maroƙa a makaranta, da ranar da hannunsa ya fara rawa ya kasa riƙe makaɗi.

Zariya ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da Abubakar Imam ya yi aikinsa, don haka bai kamata a ce masu ganga na cikin ganuwarta sun shuɗe ba a rubuta su ba. Wayar da ke hannunmu ta isa ɗaukar murya da hoto. Mu nemi izinin dattijo, mu zauna da shi ranar da yake ɗaurin fata, mu tambaye shi sunan kowane ɓangare na gangar da bakinsa, da wanda ya koya masa, da taken da ba a ƙara neman a kaɗa ba. Mu rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, kada mu gyara masa Hausa. Mai gajeren labari zai sami tauraro a nan, mai tarihi zai sami hujja, mai waƙa kuma zai koyi kari daga tushe.

Wanda yake da tsohon makaɗi a unguwarsu, a Zariya ko Kano ko Maraɗi, ya fara da shi a wannan mako, ya kawo mana abin da ya samo mu karanta tare. Allah Ya yi mana jagora.