Daga Dodon Bango zuwa Bos ɗin Gem: Tarihin Abin Tsoro a Fagge da Sabon Gari

Abokin gaba mafi ban tsoro a wasan gem, wanda yaran Kano ke kira bos, shi ne wanda ke tsare ƙofar ƙarshe. Ba a wuce shi sai an kashe shi, kuma ba ya mutuwa da sara ɗaya. A irin wasannin da mai wasa ke shiga rigar wani jarumi ya ratsa duniyar almara da takobi da tsafi, yana tara ƙarfi da makamai daga gari zuwa gari, wannan halitta ce ginshiƙin labarin. Na'urorin wasan sun shigo Kano ta Sabon Gari da Fagge, hanyar da silima ta bi kafin su, suka tarar da jama'ar da ta daɗe da sanin yadda ake tsoron dodo da yadda ake neman lagonsa.

Dodon tatsuniya shi ne na fari. Ƙato ne mai gashi buzu-buzu, mazauninsa ƙungurmin daji ko ƙarƙashin kogi, abincinsa mutane. Yakan rikiɗa ya zo neman auren budurwar da ta raina samarin garinsu, yakan haɗiye gari guda da shanunsa. Amma kowace tatsuniya takan bar masa makasa. Yana tsoron karnuka, shi ya sa maharbin da Dodanniya ta rutsa a kan bishiya ke kiran karnukansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A labarin Auta kuwa, Dodo na zuwa gari da dare yana ruri, kowa ya kulle ƙofa, yaron ya gasa duwatsu a wuta har suka yi ja, ya riƙa jefa masa su a baki duk sa'ad da ya buɗe shi. Ba ƙarfi ne ya kashe shi ba. Yaron ya lura da lokacin da bakin ke buɗewa ne. Haka labarin Daura ya ajiye macijin nan Sarki a rijiyar Kusugu, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare masa kai. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi da yawa irin waɗannan a littafinsa mai juzu'i uku da aka buga tsakanin 1911 da 1913, a daidai shekarun da ake shata unguwar da za ta kawo wa Kano sababbin dodanni.

Fagge ta girmi Sabon Gari nesa ba kusa ba. Zango ce a wajen ganuwa, inda ayarin Buzaye da Azbinawa ke sauke gishiri da dabino, kuma ruwayar gari na danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sabon Gari kuwa ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma wajen 1913 Turawan mulki suka keɓe fili domin akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, suka kafa kantunansu a gefen Fagge, wurin da ya zama Kantin Kwari. Duk abin da birni ke ɗari-ɗari da shi, a waɗannan unguwanni biyu yake fara sauka.

Silimar Rex ta buɗe a Sabon Gari a 1937, fili ne marar rufi, mallakar wani daga cikin Kwarorin. Mutane suka riƙa kiran abin dodon bango, domin ga surar mutum tana motsi a jikin gini alhali ba ta da rai, kuma malamai da dama sun ɗauke shi dangin sihiri. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya ta hallaka mutum 331, abin da ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, don da yawa sun ga ishara ce. Da aka buɗe Palace a cikin birni ba da jimawa ba, an sha adawa. Duk da haka gidajen suka ci gaba da yaɗuwa: Plaza da Wapa a Fagge, Eldorado a ɓangaren Sabon Gari, Orion a Ƙofar Wambai. Sunan Wapa yana nan har yau, sai dai kasuwar 'yan canji ce ta gaje shi.

A waɗannan gidaje ne 'yan kallon Kano suka raba duniyar fim gida biyu, akta da bos. Finafinan Indiya, da Kwarori suka fara shigowa da su tun shekarun 1950, sun ba da miyagun da sunayensu suka zauna a bakin mutane. Akwai Gabbar Singh na fim ɗin Sholay na 1975, ɗan fashin duwatsu da Amjad Khan ya fito a matsayinsa, wanda ya datse wa tsohon ɗan sanda hannaye biyu. Akwai Mogambo na Mr. India na 1987, rawar Amrish Puri, mai tsibiri da dakaru da ramin ruwan guba. Amma tsarin da gem zai gada ya fito ne daga finafinan Caina. A Game of Death, wanda aka saki a 1978 bayan rasuwar Bruce Lee, jarumin na hawa gini bene bayan bene, a kowane hawa akwai gwanin faɗa mai salonsa dabam, har ya kai ga dogon nan Kareem Abdul-Jabbar. A 1984 kamfanin Irem na Japan ya ɗauki wannan tsari ya ƙera Kung-Fu Master: hawa biyar, kowanne da bos a ƙarshensa. Saurayin da ya taɓa yin ihu a Plaza ya riga ya san dokar wasan tun kafin ya riƙe abin dannawa.

Ɓangaren almara da tsafi ya fito ne daga wata hanya. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da ƙwayar ludo mai fuskoki da yawa, inda kowane dodo ke da adadin rai da ake ragewa da kowane sara. Shekara guda bayan haka wasu ɗalibai biyu suka mayar da shi kan kwamfuta a wasan da suka kira dnd, suka ajiye wani macijin zinare mai fukafukai a can ƙasan kogo. Shi ake yawan ambata a matsayin bos na farko a tarihin gem. Japanawa suka karɓa da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987.

Abin lura ga mai karatu Bahaushe shi ne rumbun da masu ƙera wasannin suka ɗebo dodanninsu. Da yawa daga labaran Larabawa ne. Ifritu, wanda ɗan makarantar allo ya sani a Suratun Namli cikin ƙissar Annabi Sulaiman da gadon sarautar Bilƙisu, kuma mai karatun Dare Dubu da Ɗaya ya san shi a labarin masuncin da ya yaudare shi ya koma cikin tulu, ya bayyana a Final Fantasy a siffar ƙaton aljanin wuta mai ƙaho. A kashi na takwas na wasan, wanda ya fito a 1999, sai an shiga kogon wuta an yi galaba a kansa cikin ƙayyadadden lokaci kafin ya yarda ya zama hadimi, kuma lagonsa ƙanƙara ce. Bahamut, kifin da tsofaffin littattafan Larabawa suka ce yana ɗauke da duniya, ya koma sarkin macizai masu fukafukai. Gul mai cin gawa a maƙabarta shi ma ya samu gurbi. Waɗannan sunaye sun yi doguwar tafiya ta Turai da Amurka da Japan kafin su dawo wa yaron Fagge a cikin faifai, alhali tun 1934 kakanninsa ke karanta gwagwarmaya da aljannu a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara.

Na'urorin kansu sun iso a makare, galibi na hannu ko na kwaikwayo, ta kasuwannin Legas zuwa shagunan kayan lantarki na Sabon Gari. An fara da kwaikwayon Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, mai kaset rawaya da ake hura wa iska in ya ƙi kamawa. Sai Sega Mega Drive, sai PlayStation ta 1994 da ta biyunta ta 2000. Ƙalilan ne ke iya mallakar nasu, don haka sana'ar shagon gem ta samu gindin zama. Shago ne ɗan ƙarami, da talabijin biyu ko uku a kan katako, da benci, da labule a ƙofa saboda hasken rana, da ƙaramin janareta a waje. Ana biya a kan kowane wasa ko a kan mintuna. Mutum biyu ke riƙe da abin dannawa, goma na tsaye a bayansu suna ba da shawara, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri.

Wannan tsarin biya shi ya tantance dodannin da suka yi suna. Ƙwallo ce sarauniyar shago, musamman Winning Eleven, sai wasannin faɗa. Wasan almara mai dogon zango yana cin awa arba'in ko fiye, cike yake da rubutun Turanci ko na Japananci, yana kuma buƙatar katin ajiya da ba kowane mai shago ke bayarwa ba. In aka ɗauke wuta kafin a ajiye, aikin yini guda ya bi ruwa. Saboda haka waɗanda aka fi sani su ne masu saurin isa gare su: Goro mai hannu huɗu na Mortal Kombat na 1992, da Shao Kahn na kashi na biyu, mai zagin abokin karawarsa yana dariya. Daga baya aka san Nemesis na Resident Evil 3, wanda ke bin mai wasa daga ɗaki zuwa ɗaki, da Dahaka na Prince of Persia na 2004, baƙar halittar da ba a tsayawa a yaƙe ta a mafi yawan wasan, sai dai a gudu, kuma ruwa ne kawai ke tare ta. God of War na 2005, mai buɗewa da macijin teku mai kawuna da yawa, ya samu karɓuwa domin ba sai an iya karatu ake fahimtar fushin jaruminsa ba.

Waɗanda suka samu na'ura a gida su ne suka haɗu da dodannin da masana wasan ke ambata da girmamawa, kuma a nan ne fasahar abin take. Mafi ban tsoro ba lalle ne ya zama mafi girma ba. Tonberry, wanda ya fara fitowa a Final Fantasy na biyar a 1992, ɗan mitsitsi ne kore, sanye da alkyabba, fitila a hannu ɗaya, wuƙar girki a ɗayan. Ba ya gaggawa. Kowane zagaye yakan matso taku ɗaya, mai wasa na ta sara yana ganin ba ya raguwa, in ya iso kuwa suka ɗaya ta wadatar. Tsoron yana cikin jiran ne. Malboro, tsiro mai baki cike da haƙora, numfashi ɗaya yake yi ya bar rundunar duka da guba da makanta da barci da ruɗewa, har jarumai su juya wa junansu makami. Emerald Weapon na Final Fantasy na bakwai, na 1997, yana da rai miliyan ɗaya, ana yaƙarsa a ƙarƙashin teku cikin minti 20, kuma ba dole ne a tunkare shi ba. Masu neman suna ne ke zuwa wurinsa. Kamfanin FromSoftware ya kai wannan salo maƙura da Dark Souls a 2011, inda wanda aka kashe ke zubar da rayukan da ya tara, wato kuɗin wasan, a wurin da ya faɗi, in aka sake kashe shi kafin ya koma ya ɗauka, ya yi asararsu har abada. A Elden Ring na 2022 akwai Malenia, wadda duk saran da ta samu mai wasa da shi ke mayar mata da ranta, kuma in an kayar da ita takan tashi a sabuwar siffa. Ba a cin irin waɗannan da yawan dannawa. Sai an mutu sau da dama ana nazarin motsinsu, a gane daƙiƙar da suke buɗe jiki, daidai da yadda Auta ya ƙirga buɗewar bakin Dodo.

Sha'awar irin wannan labari ba ta taɓa dogara ga na'ura kaɗai ba a Kano. A shekarun da shagunan gem ke yaɗuwa, adabin kasuwar Kano yana fitar da littattafan yaƙi, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, cike da bokaye da sadaukai da aljannu masu tsaron kogo, ana hayarsu a shaguna ana karanta su a rediyo. Tsarinsu bai da nisa da na gem: jarumi na neman wani makami, a kowane zango akwai mai gadi da ya fi na baya hatsari. Silima kuwa ta ja baya. Bidiyon gida ya karɓe 'yan kallo tun daga Turmin Danya na 1990, sannan bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, gidajen kallo suka shiga ƙarƙashin sa ido. Shagon gem ya gaji zargin da aka yi wa silima: iyaye da malamai na kukan yana janye yara daga makaranta da salla, yana cinye kuɗin aike. Kukan yana da tushe, domin wasan da aka gina a kan sake gwadawa ba ya sakin yaro da sauƙi.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma cikin shekaru ashirin Titin Beirut da ke Fagge ya cika da masu sayar da wayoyi da kwamfutoci da masu tura wasanni. Yawancin samari yanzu a tafin hannu suke wasa, kuma a irin su PUBG da Free Fire abokin gaba mutum ne ɗan'uwansu a wani gari, ba dodon da aka zana ba. Shagunan da suka rage sun koma manyan talabijin na bango da sababbin PlayStation, ƙwallo na nan a gaba. A ɓangaren ƙira, Afirka ta fara sa hannu: kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ta Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, wasan almara da aka gina a kan al'adun nahiyar, sannan ɗan wasan kwaikwayo Abubakar Salim ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, wanda ya ɗebo manyan iskokinsa daga labaran al'ummomin Bantu. Mai son yin irin wannan aiki da Hausa yana da kaya a ajiye: Dodo da Dodanniya, macijin Kusugu, Tsumburbura ta dutsen Dala, da birnin Jangare na iskokin bori, inda kowane iska ke da gidansa da sarautarsa da cutar da yake sakawa da kuma abin da ke kwantar da shi.