Shinkafa da Iyaka: Tarihin Ciniki a Ƙasar Bagudo

Tun kafin Turawa su shata iyaka, ƙasar da ake kira Ƙaramar Hukumar Bagudo a yau hanya ce ta fatake. Ayarin da ya ɗauko goro daga Gwanja yakan ratso Borgu, ya haye Kwara a wajajen Illo, sa'an nan ya nufi kasuwar Jega da Sakkwato. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ita ce ta raba Borgu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo kuwa suka zama rabon Ingila. Ta haka dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu da kuɗi iri biyu, kuma daga wannan bambanci ne cinikin iyaka na zamani ya samo asali.

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a fadamun Kwara, domin manoma sun daɗe suna shuka ta. Abin da ya sauya al'amari shi ne kuɗin man fetur na shekarun 1970, sa'ad da mutanen birni suka ɗanɗana shinkafar waje, wadda ba tsakuwa a cikinta, suka raina ta gida. Da arziki ya ja baya, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985, ba a kuwa ɗage hanin ba sai 1995. To, amma doka ba ta sauya ɗanɗano. 'Yan kasuwa suka karkata zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda kuɗin fito yake da sauƙi, suna sauke turararriyar shinkafa daga ƙasashen Asiya. Abin lura shi ne, mutanen Benin ba su cika cin turararriya ba. Kowa ya san bakin da ake yi wa wannan tanadi. Daga Kwatano kaya sukan hau mota zuwa arewacin Benin, sa'an nan a tsallako da su ta garuruwa irin su Tsamiya da Lolo, wasu a kan babura, wasu a cikin kwale-kwale.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan masu fasa-ƙwauri. Manomin Illo da ya sha wahalar ban ruwa da tsadar taki shi ne ya fi cutuwa idan shinkafar waje ta karya farashi, amma sau da yawa ɗansa ne yake dakon buhunan da babur, kuma da wannan kuɗi ake cefane a gidan.

Ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. Noman rani ya bunƙasa, aka buɗe babban injin sheme a Argungu a 2017, har ciniki ya soma juyawa, 'yan kasuwar Nijeriya suna sayo shanshera daga manoman Malanbil don ciyar da injinan gida. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, daga baya kuma aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan hani ya shafi manoman da aka ce ana kāre wa, tun da injin ban ruwa da fetur yake aiki. Ambaliyar 2020 ta zo ta cinye gonaki masu yawa a jihar, farashin shinkafa ya yi ta hauhawa.

An fara buɗe iyakoki a Disamba 2020. A Oktoba 2023 Babban Banki ya janye hanin da ya sa tun 2015 na sayar wa masu shigo da shinkafa kuɗin waje, a 2024 kuma gwamnati ta yafe kuɗin fito a kan wasu nau'o'in hatsi na kwana 150. Wato cikin shekara arba'in an hana, an buɗe, an sake hanawa, alhali manomin Bagudo tilas ne ya yanke shawarar abin da zai shuka wata biyar kafin ya san dokar da za ta tarar da shi ranar girbi.