Yadda Likitoci Suka Koyi Gane Ciwon Barci

A arewacin birnin Libreville na ƙasar Gabon akwai unguwa mai suna Okala. Lardin da take ciki, wato Estuaire, ƙasa ce ta kurmi da fadamu da bakin teku, inda ƙudan tsando yake zama. Wajen kogin Noya na wannan lardi ne aka fi samun masu ciwon barci a Gabon. Cutar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, gama ta taɓa cin ƙauyuka a ƙasar Zazzau. Tarihinta yana koyar da abu guda: kafin likita ya ɗauki allura, wajibi ne ya tabbata da abin da yake damun mai ciwo.

Wahalar ciwon barci ita ce, da fari ba ya zuwa da barci. Yakan fara da zazzaɓi mai zuwa ya tafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, daidai da zazzaɓin cizon sauro. Amma kama da wane ba ta wane. Bayan watanni, ko shekaru, ƙwayar cutar takan bar jini ta shiga ƙwaƙwalwa. Sa'an nan mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, ya kasa barci da dare, halinsa ya sāke, har a ce ya haukace. In ba a yi masa magani ba, kusan kullum mutuwa ce ƙarshensa.

Wata alama da aka rubuta tun da daɗewa ta fito ne daga wuri mai baƙin tarihi. A shekarar 1803 wani likitan Ingila, Thomas Winterbottom, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya bayyana cewa masu wannan ciwo sukan yi kaluluwa a bayan wuya. Ya kuma ce masu cinikin bayi sun riga sun san haka, sukan lalubi wuyan bawa, in sun ji kumburi su ƙi saye. Abin da mugaye suka yi domin riba, shi likitoci suka mayar hanyar ceton rai. Har yau ana kiran alamar da sunan Winterbottom.

Amma kaluluwa kaɗai ba hujja ba ce, gama cututtuka da yawa sukan kawo ta. A 1901 likita Robert Forde ya ga wani abu mai motsi cikin jinin wani mai ciwo a Gambiya, a 1902 Joseph Dutton ya gane ƙwayar, ya ba ta suna. A 1903 Aldo Castellani ya same ta cikin ruwan ƙashin bayan masu ciwo a Yuganda, David Bruce kuwa ya nuna cewa tsando ne yake ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Daga nan madubin likita ya zama alƙali. Gani ya kori ji.

Cikin wannan zamani ne Albert Schweitzer ya iso Gabon. Malamin tauhidi ne daga Alsace, ya fara karatun likita yana da shekara 30. A 1913 ya sauka a tashar mishan ta Lambarene, a bakin kogin Ogooué, tare da matarsa Helene wadda ta koyi aikin jinya. Ɗakin duba marasa lafiya na fari tsohon akurkin kaji ne. Likitan bai ji harsunan mutanen wurin ba, saboda haka ya dogara ga tafintansa Joseph, wanda dā kuku ne. Ta bakin Joseph yake tambaya: yaushe zazzaɓin ya fara, ina mutum yake kamun kifi, yaya barcinsa. Bayan tambaya sai laluben wuya, bayan lalube sai madubi. Ƙwayar ba ta da yawa cikin jini, takan kuwa ɓuya, don haka yakan daɗe a kan jinin mutum ɗaya, alhali wasu suna jira a waje.

Me ya sa bai ba duk mai zazzaɓi allura ya huta ba? Domin maganin kansa guba ne. Atoxyl, wanda aka fara amfani da shi a 1905, da tryparsamide da ya biyo baya, duka daga gubar asinik aka haɗa su, suna kuwa iya makantar da mutum. In an ba wanda ba shi da cutar, an cuce shi a banza. In an hana wanda yake da ita, an bar shi ga mutuwa. Tsakanin waɗannan ramuka biyu likita yake tafiya.

Wani likitan sojan Faransa, Eugène Jamot, ya ga cewa wanda ya kawo kansa asibiti yawanci ya riga ya makara. Daga 1917 a Ubangi-Shari, daga baya kuma a Kamaru, ya kafa ƙungiyoyi masu bi ƙauye ƙauye. Akan tara dukan mutanen gari. Ma'aikaci na fari ya lalubi wuya, na biyu ya tsotso ruwan kaluluwa da allura, na uku ya duba a madubi, na huɗu ya rubuta. Yawancin waɗannan ma'aikata 'yan ƙasa ne da aka koya musu aikin, da hannuwansu aka ci nasarar. Duk da haka an yi babbar ɓarna a yankin Bafia, inda wani matashin likita ya ƙara yawan tryparsamide fiye da ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka makance.

A Arewacin Nijeriya ma an bi irin wannan hanya cikin shekarun 1930. Ma'aikatan ciwon barci sun zaga larduna suna laluben wuya, sun yi wa dubban mutane magani. Daga 1937 aka fara aikin Anchau a lardin Zariya: aka sassabe kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

A 1949 aka sami melarsoprol, maganin da yake kai wa ƙwaƙwalwa, amma yakan kashe kimanin mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Saboda haka tambaya ta zama biyu: akwai cutar, in kuwa akwai, ta kai ƙwaƙwalwa? Sai a huda ƙashin baya a ɗebi ruwa, a ƙirga fararen ƙwayoyin jini. In sun wuce 5 cikin ma'aunin da aka ƙayyade, an ɗauka cutar ta haura. Ƙirgar ma'aikaci guda a gaban madubi ita ce take raba wanda za a ba magani mai sauƙi da wanda za a ba mai haɗari.

Aikin ya yi ta sauƙi a hankali. A 1978 aka fito da gwajin digon jini a kan kati, wanda yake ware waɗanda ake zargi. A 2009 aka sami haɗin magani da ya fi melarsoprol aminci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙwayar haɗiya mai suna fexinidazole, har ba kowane mai ciwo ake huda wa baya ba. Waɗanda aka ba da rahoton sun kamu sun kusa 40,000 a 1998, amma a 2018 ba su kai 1,000 ba.

Raguwar cuta tana da nata haɗari, gama abin da likita bai saba gani ba, da wuya ya tuna da shi. Masunci ko ɗan kasuwa da ya dawo Okala daga wajen Noya da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, yana bukatar wanda zai tambaye shi inda ya fito, ya kuma sa hannu a bayan wuyansa. Shi ma mai ciwo yana da nasa rabo: ya faɗi gaskiyar tafiyarsa, ya yarda a gwada jininsa, kada ya matsa a yi masa allura tun ba a san cutar ba.