Daga Yatsan Malamin Kutare Zuwa Na'urar MRI: Tarihin Sakin Ƙafa a Zariya

A gefen gwiwa ta waje, daidai kan siririn ƙashin da ke maƙwabtaka da ƙwauri, akwai wata jijiyar saƙo da ke zagaye wuyan ƙashin, ba abin da ya raba ta da waje sai fata. Ita ce ke umartar tsokar da ke ɗaga tafin ƙafa da yatsu. Idan ta matsu, ƙafa takan saki: yatsu su riƙa shafar ƙasa, mai tafiya ya riƙa ɗaga gwiwa tamkar mai hawa matakala. Alamar ɗaya ce, amma musabbabanta da yawa, kuma tarihin jinyarta a Zariya tarihi ne na ƙoƙarin rarrabe su.

A da, mai jan ƙafa a cikin birni yana da ƙofofi sanannu: maɗori, wanzami, mai magani. Idan yaro ne, a ce shan inna. Harshen ma bai sauƙaƙa lamarin ba, domin kalmar jijiya ta haɗa hanyar jini da igiyar tsoka da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa.

Maganin asibiti ya shiga cikin ganuwa a 1905, lokacin da Dokta Walter Miller ya zauna a Durumin Maigarke, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. A 1929 aikin ya koma Wusasa. Hoton ƙashi, wanda Wilhelm Rontgen ya gano a Jamus a 1895, ƙashi yake nunawa. Jijiya ba ta fitowa a cikinsa.

Kuturta ce ta koya wa ma'aikatan lafiya sanin wannan jijiya. Ƙwayar cutar tana son sassan jiki masu sanyi, don haka takan kumbura jijiyoyin da ke kusa da fata, ciki har da ta gefen gwiwa. Malamin kutare yakan laluba wurin da yatsa. Idan ya ji ta yi kauri kamar igiya, ya san ƙafar na cikin haɗari. Har yau ana koyar da wannan gwaji, kuma Saye, kusa da Zariya, ita ce mazaunin cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta.

Haɗaɗɗen maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a farkon shekarun 1980 ya rage kuturta ƙwarai, kuma a 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Sai dai sakin ƙafa bai tafi da su ba. Allurar ɗuwawu da ta kauce wurinta tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa. Ɗaurin karaya da ya yi tsanani, doguwar kwanciyar jinya, daɗewa a tsugune ko a harɗe, duk suna matse jijiyar gwiwa. Wannan abin lura ne a garin da masu aikin babbar riga ke wuni zaune a ƙasa. Wani lokaci kuma matsalar tana can a gadon baya, inda faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya danne tushen jijiya.

Nan amfanin MRI ya bayyana. Paul Lauterbur ya wallafa hotonsa na farko a 1973, shi da Peter Mansfield suka sami kyautar Nobel a 2003. Na'urar tana aiki da maganaɗisu da igiyar rediyo wajen zana ruwan da ke cikin nama. A farkon shekarun 1990, Aaron Filler da Franklyn Howe a Landan suka nuna yadda za a fito da jijiya ita kanta. Yanzu likita na iya ganin inda ta kumbura, da ƙullutun da ya danne ta, da tsokar da saƙo ya daina isa gare ta. Gwajin lantarki yana auna aikin jijiya, MRI kuwa yana nuna abin da ya tare ta.

Makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara a 1967, asibitin koyarwarta ya tare a Shika a 2005. Amma na'urar tana da ƙaranci: wani bincike na 2018 ya ƙirga 58 kacal a duk Nijeriya, mafi yawansu masu raunin maganaɗisu, alhali siririyar jijiya ta fi fitowa a masu ƙarfi.

Saboda haka yatsan malamin kutare bai yi ritaya ba; shi ke tantance wanda ya kamata ya kashe kuɗin hoto. Abin da ba ya jira shi ne lokaci. Jijiya tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana, tsokar da ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba saƙo kuwa da wuya ta farfaɗo. Matsi mai sauƙi yakan warke da takalmin tallafi da gashi, ƙullutu kuma sai fiɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.