3.2 Tazarar Sakkwato da Maiduguri Bayan Zuwan Jirgin Sama

Wannan sashe zai duba yadda zuwan jirgin sama ya shafi nisan da ke tsakanin Sakkwato da Borno, watau gefe biyu na ƙasar Arewa. Idan aka auna ta sama, tsakanin Sakkwato da Maiduguri kimanin kilomita 870 ne. Ta hanyar mota kuwa, idan aka bi ta Gusau da Funtuwa da Kano da Potiskum, ya haura kilomita 1,100.

Kafin zuwan Turawa, da kwanaki ake ƙirga wannan nisa. Alal misali, Baturen nan Hugh Clapperton ya bar Kukawa, hedkwatar Borno ta wancan zamani, a watan Disamba 1823, ya shiga Kano a Janairu 1824, bai isa fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba sai a watan Maris. Wata uku ke nan, duk da cewa ya ɗan zauna a Kano. Wannan nisa bai hana Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu El-Kanemi musayar wasiƙu a kan halaccin jihadi ba.

Jirgin ƙasa bai haɗa su ba. Ya zo Kano a 1911, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Maiduguri a 1964, amma bai taɓa shiga Sakkwato ba. Saboda haka ana iya zaton jirgin sama ne zai cike giɓin. A watan Nuwamba 1925 ne jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, sun taso daga Masar ta Sudan da Chadi da Maiduguri. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Khartum zuwa Kano, daga baya aka zarce Legas. Abin lura a nan shi ne, an shata waɗannan hanyoyi ne domin haɗa ƙasashen da Ingila ke mulki, ta yadda wasiƙu da ma'aikatanta za su riƙa isa da wuri. Haɗa garuruwan Arewa da juna ba ya cikin lissafin.

Kamfanin jiragen Afirka ta Yamma da aka kafa a 1946, da Nigeria Airways da ya gaje shi a 1958, duk a kan wannan tsari suka ɗora. Jirgi kan taso daga Legas, ya ya da zango a Kaduna ko Kano, sannan ya nufi Sakkwato ko Maiduguri. Ko bayan 1967, da garuruwan biyu suka zama hedkwatocin jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, kowanne cibiyar mulki yake fuskanta.

Mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991, da rushewar Nigeria Airways a 2003, sun ƙara tsananta al'amarin, domin kamfanoni masu zaman kansu inda fasinja ya fi yawa suke bi. Mai son zuwa Maiduguri daga Sakkwato galibi sai ya sauka Abuja, kimanin kilomita 500, sannan ya sake shiga wani jirgi na kimanin kilomita 720. Jimla ta haura kilomita 1,200, watau ta zarce hanyar mota. Ga kuɗin tikiti biyu, ga jira a filin jirgi, wani lokaci har da kwana, a kan tafiyar da ba za ta kai sa'a ɗaya da rabi ba da an miƙe kai tsaye.